Ranar da Ridwan Ya Tsayar da Mota

Ridwan yana ɗan shekara uku da 'yan watanni uwarsa Sadiƙa ta fara lura da wata sabuwar ɗabi'a tasa. Yana cikin wasa da murafen kwalba a tsakar gida sai ya yi tsit, ya miƙe, ya je bayan ƙyauren ɗaki ya laɓe. In ta leƙa sai ta tarar da shi tsaye a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, ya riƙe ƙyauren da hannu bibbiyu, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Ridwan, kashi za ka yi?"

"A'a."

"Zo mu je in ɗora ka a fo."

"A'a, Mama! Ba na ji!"

Sadiƙa tela ce. Kekenta na ɗinki yana zauren gidansu a unguwar Jambutu, cikin Garwa, kuma matan unguwa sun san hannunta a ɗinkin atamfa. Mijinta Taufiƙ fataucin shinkafa yake yi, ya saro a Yagwa ya kawo babbar kasuwa, don haka zamansa a gida kaɗan ne. Wadda suke tare kullum ita ce mahaifiyarsa, Hadje Ƙaltume, tsohuwa mai ƙarfin hali wadda kakanninta suka zo garin nan da fataucin goro tun kafin a yi gadar Binuwai. Tana ji da jikanta ƙwarai. Ba ta kiransa da suna, sai dai "angona."

Abin ya samo asali ne tun bazarar da ta wuce, lokacin da zafin Garwa yake sa mutum ya ji kamar an rufe shi cikin tanda. Zazzaɓi ya kama yaron, ya yi kwanaki ba ci ba sha sosai. Da ya warke ya zo yin bayan gida, abin ya fito da tauri kamar tsakuwa, har da ɗan jini. Ya yi ihun da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Tun daga ranar ya ƙulla gaba da fo. In abin ya matso shi sai ya matse, ya mayar da shi. Sai ya yi kusan mako bai yi ba, in kuwa ya zo yi, ya fi na baya tauri da zafi.

Hadje tana da nata maganin. Akwai wata 'yar robar matsa ruwa mai dogon baki, wadda ake kira puwar, da take ajiyewa a ƙasan akwatinta. Sai ta ɗumama ruwa, ta kaɗa sabulu a ciki, Sadiƙa ta danne yaron a cinya, ita kuma ta matsa masa ruwan ta ƙasa. Abin yana aiki kam, ciki ya zube. Amma kafin a kai ga haka sai an bi Ridwan an kamo shi daga ƙarƙashin gado, yana shure-shure yana kiran sunan ubansa. Bayan an gama kuma sai Sadiƙa ta shiga ɗaki ta zauna ita kaɗai.

Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo. Yaron ya fara ɓata wando, ɗan ruwa-ruwa mai wari, sau da yawa a yini, kuma in an tambaye shi sai ya ce shi bai yi komai ba. Wata maƙwabciya ta ce zawo ne, a sayo masa maganin tsayar da ciki wurin masu tebur. Taufiƙ kuwa da ya dawo daga hanya ya ɗauki ɗansa a kafaɗa, sai ga abin a rigarsa. Ya sauke shi ya kai masa duka a baya.

"Ƙato da kai! Ga fo can, sai dai ka yi a wando? Wannan iskanci ne da taurin kai."

Ridwan bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallon ubansa da ido a buɗe, kamar wanda aka yi wa magana da yaren da bai sani ba. Wannan kallon ne ya tsaya wa Sadiƙa a rai. Ita ma ta sha yi masa tsawa a kan wandon nan. To amma in da gangan yake yi, me ya sa bai san ya yi ba?

Da safe ta yi masa wanka, ta taɓa cikinsa ta ji shi tam kamar ganga. Ko burodin da yake so ya ƙi ci. Ta rufe keke da zane, ta goya shi duk da girmansa, ta tare mai babur zuwa asibiti.

Likitar yara da ta gan su sunanta Dokta Gaëlle, 'yar kudu ce, tana haɗa Faransanci da 'yar Fillancin da ta tsinta a Garwa. Sadiƙa ta yi makaranta har ta fara sakandare, don haka suka fahimci juna. Likitar ba ta taɓa yaron nan da nan ba. Sai da ta bar shi ya saka abin sauraren ƙirji a kunnensa ya saurari zuciyar uwarsa, sannan ta kwantar da shi ta dinga lallatsa cikin a hankali. Ta kama hannun Sadiƙa ta ɗora a gefen hagu, ƙasa da cibiya.

"Kin ji wannan?"

Sadiƙa ta ji wasu dunƙule-dunƙule masu tauri a jere ƙarƙashin fata.

"Ba zawo yake yi ba," in ji likitar. "Tsohon bayan gida ne ya taru ya toshe hanya. Sabon da ke zuwa daga sama, mai ruwa, shi ke zagaye shi ya zubo. Yaron ba ya jin fitarsa. Hanjin ya buɗe, ya daɗe a buɗe, har ya daina gaya masa lokaci ya yi."

Sadiƙa ta janye hannunta. Can ta ce, "Kamar robar ƙugun wando ke nan, in ta daɗe a jawe ta saki."

"Voilà! Sai dai ita wannan robar tana komawa daidai. Amma fa a hankali. Ba zancen mako ba ne, zancen watanni ne."

Ta rubuta musu wani garin magani da ake kaɗawa a ruwa, wanda ke jawo ruwa cikin bayan gida ya yi laushi. Kwanakin farko za a ba shi da yawa don a share abin da ya taru, daga nan a rage, a dinga ba shi kullum ba fashi. Bayan kowane cin abinci a zaunar da shi a fo na ɗan lokaci, ko ya yi ko bai yi ba. A yaba masa a kan zaman kawai. Ruwa da yawa, kayan marmari, ganye. Ba duka, ba tsawa, ba gori. Puwar kuma a ajiye ta, don sabulu yana ƙona cikin hanji, sannan tsoron da take sa masa ya fi amfaninta yawa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa Sadiƙa nauyi a hanyar komawa. Ba ta taɓa musu da surukarta ba. Ta bari sai da aka yi la'asar, Hadje na zaune a tabarma tana tsinke zogale, sannan ta zo ta durƙusa gefenta ta fara taya ta. Ta kwashe duk abin da likita ta ce ta gaya mata.

Hadje ba ta ɗago kai ba. "Da puwar ɗin nan na reni mijinki da ƙannensa. Wanne ya mutu?"

"Babu, Inna. Allah Ya saka miki da alheri."

"To fa. Yarinyar da aka haifa jiya a Yawunde ita za ta koya mini reno?"

Sadiƙa ta ci gaba da tsinke ganye. Ta ce a hankali, "Inna, yaushe rabon da ya shigo ɗakinki da kansa?"

Hannun tsohuwar ya tsaya.

"Jiya da kika ɗora ruwan shayi a wuta, gudu ya yi ya shige ƙarƙashin kekena. Ya zaci nasa ne. Ni ma da nake danne shi, in na miƙa hannu zan ɗauke shi sai ya noƙe. Ni dai ba zan ƙara danne shi ba, Inna. Ki yi haƙuri, ki bar ni in gwada wannan."

Hadje ta tattara zogalenta ta shige ɗaki. Washegari da safe Sadiƙa ta tarar da puwar a kan kekenta, an naɗe ta a tsumma. Ta ɗauka ta jefa a masai.

Kwanakin farko ba su yi kyan gani ba. Abin da ya fito daga cikin ɗan yaron nan sai da ya ba Sadiƙa tsoro. Wanki ya ƙi ƙarewa, ga famfo yana ɗauke ruwa, sai ta sa a kawo mata a jarka. Wata mata da ta zo karɓar ɗinkin biki ta toshe hanci a zaure, ta kwashe atamfarta ta kai wani wuri. Sadiƙa ta bi ta da ido kawai, ta koma kan bahon wanki. Amma kafin mako ya zagayo cikin Ridwan ya sauka ya yi laushi, ya cinye tuwon masara da miyar kuɓewa har ya nemi ƙari.

Zaman fo shi ne babban yaƙi. Yana ganin ta ɗauko shi sai ya sanƙare. Ta gwada lallashi, ta gwada waƙa, ta gwada alkawarin alewa, duk a banza. Ran nan ta rasa yadda za ta yi, sai ta ajiye fon a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ce ya zauna a kai da wandonsa, ba sai ya cire ba, ita kuma ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa tana ɗaura maɓallai. Ya zauna a ɗarare. Ta ba shi gwangwanin maɓallan ya zaɓo mata jajaye. Da ya gama ta tafa masa, ta ce ya tashi, shi ke nan. Ya dube ta da mamaki.

Haka suka yi ta yi, safe da rana da yamma, har ya yarda a cire wandon. Da ta koma asibiti likita ta ba ta wata dabara, ta ce a ba shi abin da zai dinga hurawa, don mai hura iska ba ya iya matse ƙasansa. Sadiƙa ta sayo balan-balan a shagon kan kwana. Ridwan ya zauna a fo yana hurawa, kumatu sun kumbura, balan-balan ta suɓuce ta yi ta zagaye tsakar gida tana fito, shi kuma ya ƙyalƙyale da dariya. Yana cikin dariyar sai ya yi tsit, ya zaro ido, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Mama, ya fito."

Hadje, da ke leƙe daga ƙofar ɗakinta tana yi kamar ba ta kallo, ta rangaɗa guɗa.

Abinci ma sai da aka ja. Yaron ya saba da burodi da fanke da biskit, kuma kakarsa ce mai saya masa a ɓoye. Sadiƙa ba ta hana gaba ɗaya ba, ta dai sa gwanda da kankana a gaba, ta ƙara wake da zogale a tukunya, ta samo masa 'yar gora tasa ta kansa da yake yawo da ita a wuya. Ita kuwa Hadje ta koma ɓoye masa dabino a bakin zane.

Bayan kamar wata biyu wando ya daina ɓaci. Ridwan ya yi ƙiba, ya koma shiga ɗakin kakarsa yana birkita mata kaya. A lokacin ne Taufiƙ ya dawo da wata magana da ya jiyo a tasha.

"An ce maganin nan in yaro ya saba da shi, hanjinsa ba zai ƙara aiki da kansa ba. Tunda ya warke, a bari haka."

Ita ma Sadiƙa ta gaji da kaɗa gari kullum safiya, kuma maganar ta shige ta. Ta daina. Mako na farko lafiya lau. A na biyu ta ga yana yamutsa fuska a kan fo. Kafin wata ya cika ta shigo daga zaure ta hango 'yan yatsun ƙafa a ƙarƙashin ƙyauren ɗaki, a tsaye cak.

Ta jingina da bango. Duk wankin nan, duk zaman nan gindin darbejiya, sun koma kamar ba a yi ba. Ta ji hawaye na zuwa, ta haɗiye, don kada yaron ya gani ya zaci da shi take. Da Taufiƙ ya shigo cin abincin rana ta ajiye masa kwano, ta zauna a gabansa.

"Baban Ridwan, gobe ba za ka Yagwa ba. Asibiti za mu tare."

"Ke ba za ki iya zuwa ba? Ina da kaya a..."

"Zan iya. Amma in na dawo na faɗa maka, wani a tasha zai sake faɗa maka wata. Ka je ka ji da kunnenka."

Bai taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Ya dube ta, ya dubi ɗansa da ke raɓe jikin ƙyaure, ya ce to.

Dokta Gaëlle ba ta yi musu faɗa ba. Ta ce yawancin iyaye a nan suke tuntuɓe, da sun ga sauƙi sai su tsaya, alhali hanjin bai gama komawa ba, yaron kuma bai gama mance zafin ba. Ta ce garin maganin nan ba ya kashe hanji, kuma in lokacin dainawa ya yi, a hankali za a dinga ragewa, ita za ta faɗa. Taufiƙ ya yi tambayoyi da yawa. Ta ƙarshe ita ce ko da gaske yaron ba ya jin fitar abin da ke ɓata masa wando. Da aka ce masa da gaske ne, sai ya sunkuyar da kai. A hanyar fita shi ya ɗauki Ridwan, bai sauke shi ba har bakin titi.

Aka sake daga farko. Wannan karon in Taufiƙ yana gari shi ke zama gindin darbejiya bayan abincin safe, shi da tasa balan-balan, ɗansa da tasa, suna gasar wa zai fi hura babba. Da maganin ya yanke a kantunan magani na Garwa, shi ya biya ta Marwa ya nemo.

Damina ta zo ta wuce. Sai ga saƙo daga Yagwa, inda iyayen Sadiƙa suke, cewa ƙanwarta Nafisatu ta haihu. Sadiƙa ta shirya zuwa suna, ita da Ridwan da Hadje. Cikin jakar da ta ajiye a ƙafarta ta saka fo, da buta cike da ruwa, da maganin. Hadje ta ce, "Yanzu har da fo za ki shiga motar mutane?" Sadiƙa ta ce har da shi.

Motar haya ce babba, cike maƙil, direban wani mai faɗa ne da ake kira Gaston. Sun wuce Figil, sun karya kwana sun ɗauki hanyar Kaele, rana ta take, fasinja duk sun yi laushi. Ridwan, da ya ci gwanda da ƙosai a tasha, ya jawo mayafin uwarsa.

"Mama, kashi."

Ta dube shi. Tun da abin nan ya fara, yaron bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Kullum ita ke ɗora shi. Yau cikinsa ya yi masa magana, ya ji, kuma bai ɓoye ba. Ta san in ta ce masa ya riƙe, zai riƙe, ba abin da ya iya kamar wannan.

Ta ɗaga murya. "Direba, don Allah a tsaya. Yaro zai zaga."

"Sai Kaele, madam!"

"Ba zai kai Kaele ba."

"To ya yi a leda! Ni ba na tsayawa a daji. Mun riga mun makara."

Wani mai jakar takardu a kujerar gaba ya juyo ya ce yaro ai sai a koya masa haƙuri. Wasu suka yi dariya. Ridwan ya fara harɗe ƙafafu, yana kallon mutanen da ke kallonsa.

Sadiƙa, wadda ko a taron mata ba a cika jin muryarta ba, ta miƙe tsaye cikin mota tana gudu. Ta saɓa yaron a kafaɗa, ta ɗauki jakarta, ta dinga tsallake buhuna da ƙafafun mutane har ta isa bakin ƙofa, ta kama marfin.

"Malam direba, kusan shekara nake jiran yaron nan ya faɗi kalmar nan. Ka tsaya, ko ka tafi ka bar mu a nan, duk ɗaya ne a wurina. Amma sauka zan yi."

Daga baya sai ga muryar Hadje da Fillanci, irin muryar da take kiran mai ruwa da ita daga ƙarshen layi. "Darnu mota! Tsayar da motar nan! Kai ba mace ta haife ka ba? Angona zai zaga, ka tsaya!"

Motar ta ɗauki dariya, wata mata mai kwandon kifi ta sa baki, wani dattijo ma ya ce a tsaya shi ma zai kama ruwa. Gaston ya yi tsaki mai tsawo, ya gangara gefen titi ya taka birki.

Akwai wata aduwa 'yar tazara da hanya, bayan gonar dawa da aka girbe. Sadiƙa ta ajiye fon a inuwarta, ta zaunar da yaron, ta ware mayafinta ta kare shi daga idon mota. Gaston ya danna ham. Ridwan ya zabura zai tashi.

"Zauna abinka," in ji ta. "Ba da kai yake ba, da awakin can yake. Ba mu da sauri. Hura mini iska in gani."

Ya tara kumatu ya hura. Ham ya sake tashi, ita ko waiwayawa ba ta yi ba. Can yaron ya ɗago kai ya dube ta.

"Mama, bai yi zafi ba."

"Ai ba zai yi ba."

Ta wanke shi da ruwan buta, ta tona rami da tsinken kara ta binne, ta ɗauraye fon, ta wanke hannunta da nasa da sabulu, duk a natse. Sannan ta kama hannunsa suka nufi mota, yana tsalle yana tsallake kunyoyin gona.

Da suka hau, mai jakar takardu ya janye ƙafarsa ya ba su hanya. Hadje ta jawo jikanta ta ɗora a cinya, ta kwance bakin zane ta ba shi dabino. Gaston ya dube shi ta madubi ya ce, "To, patron, maigida, an ba mu izini mu tafi?"

Ridwan, baki cike, ya gyaɗa kai. Motar ta hau kwalta.